Darar Kalmomi: Wasan da Ya Zama Jarrabawar "Me Ka Karanta?"

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda suka fi son su bi magana da ido.

Yau tarihin wani wasa za mu taɓa, wanda ake bugawa a jaridun Ingila kusan shekara ɗari ke nan. Za ka ga zane mai gidaje-gidaje kamar na dara, wasu baƙaƙe wasu farare, a gefe kuma an jera tambayoyi masu lamba. Kowace amsa kalma ce, harafi ɗaya a gida ɗaya, wasu kalmomin a kwance wasu a tsaye, suna ratsa juna. Turawa na ce masa kuroswod, ni kuwa a shirin nan zan riƙa kiransa darar kalmomi. Iri-iri ne, amma wanda ya shafe mu yau shi ne mai lulluɓi, wato wanda tambayarsa take nuna maka gabas alhali amsar tana yamma.

Me ya sa na ɗauko wannan batu a shirin matasa? Saboda akwai wata tambaya a ƙarƙashinsa da ta fi wasan girma: wa ke yanke abin da ake kira "sanin da ya kamata kowa ya sani"? Duk mai shirya kacici-kacici yana ɗauka akwai abin da kai da shi kuka sani tare. Idan littattafan da shi ya karanta su ne ma'auni, to wanda bai shiga irin makarantarsa ba ya faɗi tun kafin a buga ƙararrawa. Masu wannan wasa sun shafe shekaru suna ja-in-ja a kan haka, kuma mafitar da suka samo ta cancanci mu san ta.

Daga New York zuwa Landan

Ranar 21 ga Disamba 1913, jaridar New York World ta Amurka ta buga wani sabon wasa a shafinta na nishaɗi. Wanda ya ƙirƙira shi sunansa Arthur Wynne, haifaffen Liverpool ne, e, garin ƙungiyar ƙwallon nan, ya yi ƙaura zuwa Amurka. Tambayoyinsa kai tsaye suke: a ba ka ma'ana, ka kawo kalma. Babu wata kwana-kwana.

Abin bai zama annoba ba sai a 1924, lokacin da wani sabon kamfanin ɗab'i, Simon & Schuster, ya tattara irin waɗannan wasanni a littafi guda, har da fensir a maƙale. Littafin ya yi kasuwa ba kaɗan ba. Mutane a jirgin ƙasa, a ofis, a ɗakin karatu, kowa da fensirinsa. Manyan jaridu kuwa suka ɗaga hanci. New York Times ta kira shi ɓata lokaci, ba ta yarda ta fara buga nata ba sai a Fabrairun 1942, bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, mutane na neman abin da zai ɗauke musu hankali. Times ta Landan ita ma a 1924 ta yi wa Amurkawa ba'a cewa wasa ya bautar da su. Kun san abin da Bahaushe ke cewa game da mai raina kura. Ranar 1 ga Fabrairu 1930 ita ma Times ɗin ta fara buga nata, bayan Sunday Express ta riga ta a 1924, Daily Telegraph kuma a 1925.

To amma da wasan ya sauka Ingila sai ya canza hali. Dama can Turawan Ingila suna da tsohuwar al'adar wasa da kalmomi a mujallunsu tun zamanin Sarauniya Victoria. Harshensu kuma ya kwaso kalmomi daga Faransanci da Latin da Girkanci ya jibga a kan nasa, shi ya sa kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana uku ko huɗu. Sai masu shirya wasan suka ga cewa "ba ni kalma mai ma'ana kaza" aikin ƙamus ne kawai. Suka fara yi wa tambayoyin lulluɓi.

Yadda lulluɓin yake aiki

Bari in nuna muku da Hausa, don in na kawo na Turanci za mu ɓata lokaci wajen fassara. Waɗannan misalan ni na ƙera su don shirin nan. Lambar da ke ƙarshen kowace tambaya yawan haruffan amsar ce.

Na farko: "Sama ta rikice, ta zama karin kumallon mutanen Bauchi (4)." Mai karatu da sauri zai hango hadari da guguwa. Babu ruwan amsar da hadari. Kalmar "rikice" umarni ce: ka hargitsa haruffan SAMA. In ka juya su za ka samu MASA. Sauran jimlar kuma ta gaya maka ma'anar abin da kake nema.

Na biyu: "Birni ne a cikin gonar da ka noma (4)." Nan "a cikin" ita ce umarnin. Dubi haruffan da kyau: "ka noma". Ka ga KANO a kwance tsakanin kalmomin biyu?

Na uku: "Launin jini da mai haƙoran kogi, wakilin ƙasa a waje (6)." Launin jini JA ne. Mai haƙoran kogi KADA ne. Haɗa su, ga JAKADA.

Na huɗu: "Abin da magada ke rabawa, abin da mai jin barci ke nema (4)." GADO. A baki kalmomi biyu ne mabambanta, amma rubutun boko bai nuna karin sauti da tsawon wasali, sai suka zo iri ɗaya a takarda.

Kun lura da abin da ya haɗa su? Kowace tambaya tana da hanya biyu zuwa gida ɗaya. Hanya ta farko ma'anar kalmar, ta biyu kuma ginin haruffanta. Sannan an lulluɓe duka biyun da jimlar da take kama da zancen yau da kullum don ta batar da kai. Ku riƙe wannan magana ta hanya biyu, domin ita ce zuciyar labarinmu, kuma ba da ita aka fara ba.

Mai azabtarwa na farko

Wanda ake ɗauka uban wannan salo shi ne Edward Powys Mathers, mawaƙi kuma mai fassara. Ga wani abin da zai ba ku sha'awa: shi ne ya fassara Alfu Laila, wato Dare Dubu da Ɗaya, zuwa Turanci daga wata fassarar Faransanci a 1923. Mutumin da ya sha labaran Shaharzad ya ƙoshi, shi ne a 1926 ya fara shirya wa jaridar Observer darar kalmomi duk mako, har ya mutu a 1939.

Bai sa sunansa ba. Ya kira kansa Torquemada, sunan shugaban kotun binciken aƙida ta ƙasar Sifaniya a ƙarni na 15, kotun da ta yi ƙaurin suna wajen azabtar da mutane. Raha ce irin tasu: ni ne mai gana muku azaba kowace Lahadi. Kuma ya cika alkawari. Tambayoyinsa cike suke da ishara ga waƙoƙin Ingila, da wasannin Shakespeare, da Baibul, da tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa. Wani lokaci sai ya kawo rabin baitin waƙa ya bar maka gurbi. In ka haddace waƙar a makaranta ka ci, in ba ka haddace ba sai ka ajiye fensir.

A 1934 ya kai abin maƙura. Ya rubuta wani labarin kisan kai mai shafi 100, Cain's Jawbone, ya hargitsa shafukan, ya ce mai karatu ya jera su daidai sannan ya faɗi mutum shida da aka kashe da waɗanda suka kashe su. Sunan littafin ma ishara ne ga wata tsohuwar ruwaya ta Turai da ke cewa da muƙamuƙin jaki Ƙabila ya kashe ɗan'uwansa Habila. Alamomin da za su taimake ka su ne gutsattsarin waƙoƙi da ranakun tarihi da aka ambata a fakaice. Mutum ƙalilan ne suka warware shi a wancan zamani. An sake buga littafin a 2019 tare da gasa, kuma mutum ɗaya ne, wani marubucin barkwanci mai suna John Finnemore, ya kawo amsa daidai a 2020. A 2021 kuma littafin ya fashe a TikTok, matasa suna yayyaga shafukansa suna mannawa a bangon ɗaki.

Yanzu ku tambayi kanku, a Ingila ta 1930 wa ya haddace Shakespeare da Latin? Galibi 'ya'yan masu hali ne da suka yi makarantun kwana masu tsada irin su Eton, suka wuce Oxford ko Cambridge. Akwai ma labarin da aka yi ta yaɗawa a wasiƙun jaridar Times a shekarun 1930, wai shugaban makarantar Eton, M. R. James, yakan gama darar ranar kafin ƙwansa ya dahu, kuma shi ba ya son ƙwai mai tauri. Ko gaskiya ne ko ƙari, labarin ya nuna abin da wasan ya zama: tambarin cewa kai ɗan gida ne. Lebura a Manchester yana iya fin su kaifin ƙwaƙwalwa, amma ba a tambaye shi abin da ya sani ba.

Har yau akwai sawun wannan zamani a cikin wasan. In tambaya ta ce "littafin labari", sau da yawa haruffa uku ake nufi, SHE, sunan littafin H. Rider Haggard na 1887, labarin wata farar sarauniya da ke mulkin baƙaƙen fata a wani ɓoyayyen birni a Afirka. Matasan Ingila kaɗan ne suke karanta shi yanzu, amma ya maƙale a wasan saboda haruffansa suna da amfani. In ta ce "ɗan wasan kwaikwayo", tana iya nufin TREE, wani jarumin dandali da ya mutu tun 1917. Ga kuma tarin kalmomin wasan kurket da laƙabin hafsoshin soja. Ma'ana, darar kalmomi ta zama rumbun ajiyar abin da wani aji na mutane yake ɗauka kowa ya sani.

Ifiritu da malamin Latin

Gyaran ya fito ne daga cikin gida. Akwai wani malamin makaranta kuma limamin coci, A. F. Ritchie, da yake shirya wa mujallar Listener ta BBC. Shi ya kira kansa Afrit, daga haruffan sunansa, kuma daga ifiritun nan dai da muka sani a labaran aljanu. A wani littafinsa na 1949 ya kafa ƙa'idar da har yau ake jingina masa. In taƙaita ta da kalmomina: mai tambaya yana da damar ya yaudare ka da yadda jimlarsa ta bayyana, amma dole duk abin da kake bukata don gano amsar ya kasance a rubuce cikin jimlar, daidai, babu algus. Wato a ɓoye maka gaskiya a gabanka, amma kada a yi maka ƙarya.

Wanda ya gina wannan ya zama doka shi ne Derrick Macnutt, malamin Latin da Girkanci a makarantar Christ's Hospital. Shi ya gaji Torquemada a Observer daga 1939 har mutuwarsa a 1971, ya kuma ci gaba da waccan rahar, ya ɗauki sunan Ximenes. Wannan shi ma shugaban kotun Sifaniya ne, Cisneros, mutumin da tarihi ya riƙe da ƙona littattafan Larabci a Garnaɗa ta Andalus wajen shekarar 1500. Magajinsa Jonathan Crowther, da ya fara a 1972, ya ɗauki sunan wani shugaban kotun, Deza, ya juya shi baya ya zama Azed. Ni kam duk sanda na tuna wannan sai in ce lallai abin da yake ciwo a tarihin wani, abin raha ne a teburin shayin wani. Wannan ma darasi ne a kan wa ke zaɓen ishara.

Amma a ba Ximenes haƙƙinsa. A littafinsa na 1966 a kan fasahar wannan wasa, ya shimfiɗa ƙa'idojin adalci tsakanin mai tambaya da mai amsa. Zanen gidajen ya zama daidai ta kowane ɓangare. Kada a bar kalma da haruffa da yawa waɗanda babu wata kalma da ta ratsa su, domin kowace amsa ta taimaka wa maƙwabciyarta. Nahawun umarnin ya zama sahihi. Abu mafi girma kuma, tambaya ta ƙunshi ma'ana madaidaiciya da hanyar gina haruffa ta gaskiya, kada a ƙara kalmar da ba ta da aiki.

Me wannan ya canza? Ga misali da namu adabin: "Tsuntsun Imam ya ɓuya a ɗakunan fada (3)." Wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam, nan take zai tuna da tsuntsun da yake ba da labarai har ya zama waziri. Wanda bai taɓa buɗe littafin ba fa? A tsarin Torquemada ya faɗi. A tsarin Ximenes yana da ƙofa ta biyu: "ya ɓuya a" ta ce masa ya duba cikin "ɗakunan", sai ya ga AKU a tsakiya. Ya ci tambayar, kuma ya tashi da wata sabuwar tambaya a ransa: wane Imam ne wannan, me ya haɗa shi da aku? Ishara ta tashi daga zama mai gadin ƙofa ta koma mai gayyata zuwa ga littafi. A ganina wannan shi ne babban abin da tarihin wasan nan ya haifar. A hankali manyan jaridu suka rage tambayoyin "cike gurbin baitin waƙa", suka koma ga masu hanya biyu.

Lokacin da wasa ya shiga yaƙi

Labarai biyu daga Yaƙin Duniya na Biyu suna nuna cewa gwamnati ma ba ta ɗauki abin da wasa ba.

A Janairun 1942, jaridar Daily Telegraph ta shirya gasa a ofishinta na Landan: wa zai gama darar ranar cikin ƙasa da minti 12? Bayan 'yan makonni, wasu daga cikin waɗanda suka yi fice suka samu wasiƙar sirri daga hukumar soja, ana son ganinsu. Aka ɗauki wasunsu aiki a Bletchley Park, cibiyar da ake warware saƙonnin sirrin Jamus. Ɗaya daga cikinsu, Stanley Sedgewick, ma'aikaci ne a wani ofishin akantoci. Ku gane, da farko yawancin manyan masu aikin cibiyar ta hanyar sanayya aka kawo su daga Oxford da Cambridge, malami ya ba da sunan ɗalibinsa. Gasar jarida ba ita ta cika cibiyar ba, amma ta buɗe wata 'yar taga ga wanda ba shi da malamin da zai ambaci sunansa.

Na biyu ya fi ban dariya. A watan Mayu da farkon Yunin 1944, ana dab da saukar sojojin ƙawance a gaɓar Nomandi ta Faransa ranar 6 ga Yuni, sai jami'an leƙen asiri suka ga abin da ya tayar musu da hankali. Kalmomin Utah da Omaha, sunayen sirri na wuraren saukar, sun fito a matsayin amsoshi a Telegraph. Sai Overlord, sunan dukkan shirin. Sai Mulberry, sai Neptune, duk sunayen sirri. Jami'an MI5 suka dira a kan mai shirya wasan, Leonard Dawe, shugaban wata makarantar sakandare da aka kwashe daga Landan zuwa ƙauyen Effingham saboda ruwan bama-bamai. Suka yi masa tambayoyi, ba su same shi da laifi ba. Sai a 1984 wani tsohon ɗalibinsa, Ronald French, ya ba da bayani: Dawe yakan sa ɗalibai su cika masa gidajen da kalmomi, shi kuma ya rubuta tambayoyin. Yaran kuwa kullum suna yawo a sansanin sojojin Amurka da Kanada da ke kusa, suna jin kalmomin a bakin sojoji. Kun ga, abin da ke yawo a kunnen mutane shi ke gangarowa cikin gidajen dara, ko da sirrin yaƙi ne.

Limamin da ya sanar da ciwonsa a cikin dara

Ba kowa ne ya bi Ximenes sau da ƙafa ba. Babban wanda ya sassauta ƙa'idojin shi ne John Graham, limamin coci, wanda ya fara shirya wa Guardian a 1958, aka san shi da Araucaria, sunan wata bishiya da Turawa ke yi wa laƙabi da mai rikita biri. Shi yana ganin in tambaya ta sa mai amsa dariya kuma ya iya kaiwa ga amsar, to ta yi, ko da ta ɗan taka doka. Har yau masu wasan sun kasu biyu a kan wannan, kamar yadda masu nazarin waƙa suke rabuwa a kan ma'auni da daɗin sauraro.

Shi ya nuna cewa ishara ga adabi tana iya cizo. Akwai wata waƙar Rupert Brooke ta 1912 mai ɗauke da sunan wani tsohon gidan limami a ƙauyen Grantchester. Daga baya ɗan siyasa kuma marubuci Jeffrey Archer ya sayi gidan, shi ne wanda aka ɗaure a 2001 saboda rantsuwar ƙarya a shari'ar da ta taso daga wani abin kunya. Araucaria ya hargitsa haruffan sunan waƙar gaba ɗaya, ya fitar da jimlar da ke kwatanta Archer zaune a gidan shiru, wai ya zama kamili. Waƙa da siyasa da habaici a layi guda.

A Janairun 2013 masu karanta Guardian suka ga wata 'yar sanarwa a saman darar ranar, cewa Araucaria yana fama da lamba kaza ta lamba kaza, ana kula da shi da lamba kaza. Da suka warware sai amsoshin suka fito: ciwon daji, maƙoshi, da irin kulawar da ake yi wa wanda ba a sa ran warkewarsa. Ya rasu a Nuwamban shekarar yana da shekara 92. Mutumin ya yi fiye da shekara hamsin yana magana da mutanen da bai taɓa gani ba ta wannan hanya, shi ya sa da ita ya yi musu sallama.

Wasan kuma bai tsaya a Ingila ba. A Amurka, mawallafin waƙoƙin dandali Stephen Sondheim ya gabatar da salon lulluɓi a mujallar New York a 1968. A Indiya, jaridar The Hindu ta fara nata a 1971, wanda ya fara shirya mata kuwa Admiral R. D. Katari ne, Ba'indiye na farko da ya shugabanci sojan ruwan ƙasar. Masu shiryawa a can suka riƙa shigo da garuruwansu da abincinsu da mutanensu. Yau kuma a YouTube akwai tasha irin Cracking the Cryptic, da aka buɗe a 2017, inda ƙwararru suke warware tambaya a gaban kowa suna bayyana dabarar. Abin da a da sai ka gada daga uba ko malami, yanzu data kawai yake bukata.

To mu fa?

Mu ba baƙi ba ne a wasa da harshe. Muna da kacici-kacici, wanda in ka kasa sai ka ba da gari kafin a faɗa maka amsa. Muna da zaurance, da habaici, da karin magana, da salon maganar da ke karya harshe. Sai dai ku lura da wani abu: yawancin kacici-kacicinmu na gargajiya hadda ne. In ka taɓa ji ka sani, in ba ka taɓa ji ba sai ka ba da gari. Ta wannan fuskar ya fi kusa da Torquemada. Abin da za mu iya ara daga Afrit da Ximenes shi ne waccan ƙofa ta biyu, a shirya tambaya sabuwa fil wadda baƙo ma zai iya warwarewa da hankalinsa.

Kuma Hausa ta dace da wannan aiki. Gari, wuya, kuka, fari, kai, kowace ɗaya kalma biyu ce ko fiye a rubuce. Gaɓoɓinmu gajeru ne, suna haɗuwa su rabu cikin sauƙi kamar yadda kuka gani a jakada. Rumbun ishara kuwa muna da shi: littattafan gasar 1933 irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, waƙoƙin Shata da Narambaɗa, littattafan marubutan Kano na zamani, finafinai, tarihin garuruwanmu.

Abin da nake so mu ɗauka mu matasa, musamman masu shirya gasar kacici-kacici a makarantu da ƙungiyoyi da gidajen rediyo, shi ne wannan. Duk sanda ka zauna rubuta tambaya, kana yanke hukunci a kan wane sani ne yake da daraja. In duk tambayoyinka a kan babban birnin wata ƙasar Turai ne da sunan wanda ya ƙirƙiro kaza, ka gaya wa yaron ƙauye cewa abin da kakarsa ta koya masa ba ilimi ba ne. In kuma ka cika su da abin da sai ɗan unguwarku ne zai sani, ka maimaita abin da 'yan Eton suka yi, da rawani kawai. Sa namu adabin a ciki, sannan ka bar ƙofar da wanda bai karanta ba zai shiga, ya fita yana neman littafin.

Ga aikin gida guda biyu, ku ajiye amsoshinku a ƙasa tare da bayanin yadda kuka gano, don amsa ba bayani ba ta karɓuwa.

Na ɗaya: "Rama ta hargitse a ƙasan cibiya (4)."

Na biyu: "Ruma ta rikice, ga Shaihun Tafawa Ɓalewa (4)."

Wanda kuma ya iya ƙera tasa tambayar mai hanya biyu, ya turo, za mu karanta mafi kyau a shiri na gaba.